Likita ta sa hannu ta tafi, ni aka bari da ita har asuba

Nas a Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ci tura. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kano, shekarata ta huɗu ke nan a Jidda. Uku na yi a sashen tiyata, wata bakwai da suka wuce aka mayar da ni ɓangaren mata saboda ƙarancin hannu. Ba wanda ya tambaye ni ko na taɓa aiki a irin wurin. Kwana biyu aka yi ana zagayawa da ni, ga inda magunguna suke, ga yadda ake cika takardu a kwamfuta, shi ke nan.

Makon jiya ina aikin dare aka kwantar da wata baiwar Allah. Bahaushiya ce, ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, Larabcinta bai wuce na cefane ba. Cikinta sati 18. Faya ta fashe tun kwana uku tana gida tana jiran ko abin zai tsaya, ga zazzaɓi ya haura 39, zuciya na gudu, ruwan da ke fita har ya fara wari. Likitoci suka ce ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, idan aka bar cikin za su bi jini, kuma ɗan sati 18 ba ya rayuwa a waje ko me za a yi masa. Lajna, wato kwamitin likitoci, ta zauna kan a cire cikin, likita uku suka sa hannu, ita da mijin suka sa nasu. Ni ce na yi tafinta. Lokacin zuciyar yaron tana bugawa, na gani da idona a allon hoton ciki.

Wajen ƙarfe 9 likita ta fara mata misoprostol, ƙwayar da ke tayar da naƙuda, ta rubuta lokutan sauran, ta wuce ɗakin haihuwa. Daga nan hannuna ne ke miƙa maganin. Miji ba ya kwana a sashen mata, yana can waje kan kujera. Marasa lafiya shida gare ni a daren, ga jaririn ɗakin kusa yana ta tsala kuka. Da na shiga gwada mata jini sai ta riƙe mini gefen riga ta ce, "Sista, tsakaninki da Allah, kashe shi za ku yi?" Wallahi bakina ya mutu. Abin da na iya cewa kawai, "Ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a." Na fice kamar wadda aka kora.

Ƙarfe 4 saura ta danna ƙararrawa. Kafin in ɗaga bargon ya riga ya fito. Bai fi tafin hannuna ba, namiji, fatar ja kamar ana ganin cikinta, yatsu cif har da alamar farce. Ya motsa sau ɗaya ko biyu. Abin da ke hannuna ƙaramin kwanon ƙarfe ne da shuɗin ƙyallen da muke shimfiɗa wa masu zubar jini, a ciki na sa shi. Ta ce in nuna mata. Na ce a'a, ki kwanta tukuna, ina ganin kamar taimakonta nake yi. Abokiyar aikina 'yar Filifin ta zo ta tsaya, mutuniyar kirki ce, amma ita ma kallona take yi ina kallonta. Mabiyya ta ƙi fita, jini ya ƙaru, aka wuce da ita tiyata aka yi mata wankin ciki. Ta tashi lafiya, alhamdu lillahi, zazzaɓin ma ya sauka. Amma ba ta ga ɗanta ba, kuma ni ce sila.

Da gari ya waye mijin ya tare ni a bakin ƙofa: Sista, za a yi masa wanka? Ana yi masa sallah? Ana sa masa suna? Na tura shi ofis.

A makarantar da na yi a gida, shafi ɗaya aka ba mu a kan wannan, ire-iren ɓari ne muka haddace don jarrabawa. A nan kuma duk sa'o'in ƙaro ilimi da nake tarawa don sabunta lasisi, na farfaɗo da zuciya ne da kariya daga yaɗuwar cuta, ban taɓa cin karo da zama ɗaya a kan yadda ake tsayawa da mace a irin wannan dare ba. Yau kwana takwas barcina rabi da rabi ne. Ban faɗa wa Ummata ba, don da ta ji kalmar zubar da ciki ba za ta saurari sauran zancen ba.

To 'yan'uwa, musamman manyanmu da suka daɗe a aikin: me kuke cewa idan aka yi muku irin tambayarta? Ana nuna wa uwa ko ba a nunawa? Sannan ni da na miƙa ƙwayar da hannuna, ina matsayina a wurin Allah?

Ungozoma, Makka:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah Ya ba da lada. Ni a Makka aka haife ni, kakana ne ya zo a ƙasa ta Sudan, kuma na haura shekara 25 ina karɓar haihuwa. Daren farko da na ga irin wannan, banɗaki na shiga na yi amai. Don haka kar ki ɗauka ke ce mai raunin zuciya.

Kuskuren ba a ƙarfe 4 ya faru ba, tun ƙarfe 9 ne, kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Kafin a sa ƙwaya ta farko ake jawo kujera a zauna, ko minti goma ne. Ki gaya mata maganin zai iya sa ta rawar ɗari da zazzaɓi da gudawa, ciwon kuma naƙuda ce sosai, kar ta ji kunyar neman allurar rage zafi. Ina jaddada wannan don na sha ganin ma'aikata suna jan ƙafa da maganin ciwo ga irin waɗannan mata, kamar dai wahalar wani ɓangare ne na kaffara. Ki gaya mata zai iya zuwa ba zato, har a banɗaki, don haka ta kira ki kafin ta tashi. Ki gaya mata zai iya motsawa, kuma motsin ba ya nufin akwai abin da aka ƙi yi masa, huhu ne bai kai ba. A wannan zaman ake tambayarta ko tana son ganinsa. Wasu za su ce a'a, daga baya su sauya. Sai ki bar ƙofa a buɗe.

In za ki nuna, kada a cikin kwano. Ni ina da farin yadi da na yayyanka ƙanana a cikin akwatina na wurin aiki, da kuɗina nake saye. Ki goge shi a hankali, ki naɗe, ki fara kwatanta mata da baki: ƙarami ne sosai, launinsa ja, idonsa a rufe. Sannan ki miƙa. Ki ce "ɗanki", kar ki ce "abin". Kuma don Allah ki kiyayi "ai ke yarinya ce, za ki sami wani". Mu Hausawa muna da addu'ar da ta fi wannan dacewa: Allah Ya sa mai ceto ne.

Tambayar da ta yi miki kuwa, ni ga abin da nake cewa: "Ba don mu rabu da shi muke yi ba. Ciwon da ya shiga mahaifa ba zai bar shi ya rayu ba, kuma in muka jira zai haɗa da ke." Daga nan sai in yi shiru in bar ta ta yi kukanta. Shirun nan shi ya fi wa sababbin ma'aikata wuya.

Ta ɓangaren jiki kin riga kin ga darasi ɗaya: a irin wannan watanni mabiyya ta fi yawan maƙalewa, saboda haka fitowar yaro ba ita ce ƙarshen aiki ba. Allurar ruwa ta kasance a hannu tun farko, ki san rukunin jininta, in na negatif ne a yi mata anti-D, allurar da ke kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, cikin awa 72. Kafin sallama ki koya mata alamun dawowa: audugar mata biyu suna jiƙewa sharkaf a awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓin da ya wuce kwana ɗaya, ko wari. Sai abin da kusan kowa ke mantawa, nono. Bayan kwana biyu ko uku zai iya kawowa, mace tana zaune a gida ta ga rigarta ta jiƙe ba jariri. Akwai ƙwayar da likita ke rubutawa don tsayar da shi, ki riƙa tuna musu. Kuma ciki na iya sake shiga cikin 'yan makonni, tun kafin ta ga al'ada, ya kamata ita da mijin su san haka.

Abu na ƙarshe, ki je wurin shugabar sashenku, a rubuce, ba hira a tsaye ba. Mai marasa lafiya shida ba za ta zama tafinta kuma mai rakiyar naƙuda a dare ɗaya ba. Yawancinmu masu jin Hausa haka ake yi mana, duk Bahaushiyar da ta shigo sai a ce a kira wance, ba a rage mana komai daga aikinmu.

Baban Yara, Riyad:

Malama ni dai shawarata ki nemi a sauya miki sashe. Abin da zuciyarki ba ta natsu da shi ba ki bar shi. Kuɗin Riyal ba zai tsaya miki a lahira ba.

Ungozoma, Makka:

Alhaji, da girmanka, in duk masu tsoron Allah suka gudu daga sashen, matarka ko 'yarka wa za ta tarar ranar da faya ta fashe mata a wata huɗu? Wannan matar da an ƙara mata kwana biyu, da gawa biyu za a fitar.

Ɗalibi a Madina:

Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ba mufti ba, zan dai kawo abin da muka karanta, sauran ki kai wa malamin da kika amince da shi.

Malamai suna lissafa busa rai ga ɗan tayi a kwana 120, wato wata huɗu, asalin lissafin kuwa daga hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ne da ke Bukhari da Muslim, mai bayanin matakai uku na kwana arba'in-arba'in, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Mu da muka taso a kan Malikiyya, mazhabarmu ita ta fi tsanani, ra'ayin da ya shahara a cikinta shi ne hana cire ciki ko kafin kwana arba'in. Shi ya sa kalmar ke da nauyi a kunnen iyayenmu. To amma wannan magana ce ta cirewa ba tare da larura ba. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan, a matsayarta mai lamba 140 ta shekarar 1407, ta ce ko bayan wata huɗu ana iya cirewa idan amintattun likitoci ƙwararru suka tabbatar barinsa zai kashe uwar, bayan an yi duk abin da za a iya don ceto shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, kuma, a zamanta na Makka a 1410, wato 1990, ta halatta cirewa kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa wadda ba ta da magani, kuma iyayen suka nema. Dokar aikin lafiya ta Saudiyya ma ta hana likita cire ciki sai don ceton ran uwa, ko kuma cikin bai cika wata huɗu ba kuma lajnar likitoci ta tabbatar zai yi wa lafiyarta babbar illa. Yadda kika ba da labari, abin da kika taimaka a kai ceton rai ne.

Tambayar mijin ita ce inda ake samun ruɗani, don asibiti yana bin abin da ya saba a nan, iyali kuma suna bin abin da suka taso da shi. A Hambaliyya, mazhabar da aka fi bi a nan, wanda ya cika wata huɗu ana yi masa wanka da likkafani da sallah, a sa masa suna. A Malikiyya ba a sallatar wanda bai yi kukan haihuwa ba, a naɗe shi a tsaftataccen ƙyalle a binne. Wanda bai kai wata huɗu ba, duka biyun naɗewa da binnewa ne. Ita kuma uwar, tunda halitta ta bayyana, jininta na biƙi ne, ta ajiye sallah har ya ɗauke. Wannan ma a gaya musu, mata da yawa suna jin nauyin tambaya.

'Yar Gadarif:

Yaya, na karanta saƙonki sau biyu a wayata, intanet ɗinmu sai a hankali. Ni a gabashin Sudan nake aiki, Hausawa muna da yawa a nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 muke karɓar mutanen Khartum, bayan Wad Madani ta faɗi a Disamba kuma abin ya ninka.

Namu ya sha bamban da naki. Ke kina da lajna da tiyata a buɗe cikin dare. Dokar laifuka ta 1991 a nan ta yarda a cire ciki don ceton uwa, ko idan ɗan ya mutu a ciki, ko cikin fyaɗe ne da bai wuce kwana 90 ba kuma matar ta nema. To yarinyar da ta yi makonni a hanya, ba ta gaya wa kowa ba, wani lokaci ita kanta ba ta gane ba sai da tufafi suka matse, yaushe za ta iso cikin kwana 90? Wasu sai sun sha abin da suka sha ko sun cusa abin da suka cusa, sannan a kawo su jina-jina.

An koya mana wankin ciki da sirinjin hannu mai zuƙowa a 'yan kwanaki, kuma hannuna ya faɗa, ba ya buƙatar wutar lantarki, ya ceci mata da yawa. Abin da ba a taɓa zama an yi da mu ba shi ne fuskar da muke shiga ɗaki da ita. Na ji wata abokiyar aikina, mai sallar dare ce wallahi, tana ce wa yarinya 'yar shekara 16 "lokacin da kike yi ba ki yi kuka ba". Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Uwar yarinyar ce ta ja ni gefe daga baya ta gaya mini abin da ya same su a hanya. Na rasa inda zan sa kaina. Tun 1921 ake horar da ungozomai a Omdurman, ba sababbi ba ne mu a wannan sana'a, amma kowa da abin da ta taso da shi a gida take zuwa, ba a taɓa ba mu wurin da za mu zazzage shi mu duba ba.

Abin da muke yi yanzu, mu huɗu ne, in an tashi aiki muna zama wurin mai shayin bakin ƙofa, a kawo jabana, kofinmu na Sudan, kowa ta faɗi wadda ta tsaya mata a rai ranar, ba a kama suna. Ita waccan abokiyar tamu ma tana zuwa. Ranar da ta ji labarin yarinyar ba ta iya shan kofinta ba. Ki nemi ko mutum ɗaya a sashenku, ko 'yar Filifin ɗin nan ce, ina tabbatar miki ita ma tana ɗauke da daren.

Nas a Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Hajiya ungozoma, na kwafe maganarki a littafin aljihuna. Malam na Madina, bayaninka ya sa na zauna na yi lissafi: mu a asibiti daga ranar farko ta al'adar ƙarshe muke ƙirga, wato mun ɗara ainihin shigar ciki da kamar sati biyu. Sati 18 namu ya kama kusan kwana 112 ke nan, bai kai 120 ɗin ba. Wata bakwai ina sashen ban taɓa haɗa lissafin biyu ba, kuma na tabbata yawancin abokan aikina haka suke. Ƙanwata ta Gadarif, Allah Ya kawo muku ƙarshen wannan fitina, na ji kunyar ƙorafina da na karanta naki. Alhaji na Riyad, na fahimci nufinka, amma ina nan.

Na kai takarda wurin shugabarmu. Rabi na samu: ta ce karo biyu masu zuwa za ta haɗa ni da wata babbar ungozoma, kuma za a rage mini marasa lafiya a daren. Maganar horo ta ce za ta kai sama, kun dai san abin da hakan ke nufi.

Jiya matar ta dawo ganin likita, ta sa aka nemo ni. Yadda Hajiya ta faɗa haka aka yi, nono ya kawo mata a kwana na uku, ta ɗaure ƙirji da zani tana kuka, ta ɗauka wani ciwon ne. Na ba ta haƙuri kan hana ta ganinsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Sista, da kika gan shi, yana da yatsu?" Na ce yana da su, goma cif, dogaye. Ta ce irin na babansa ke nan.

Na biya ta Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, na sayo farin yadi mita biyu. Hajiya, wane girma kike yankawa?